Yadda Tabawa Ta Ba Kyanwa Aron Barcinta

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kan tabarma!

Ta zo mu ji ta, Iya!

A zamanin da, lokacin da yara ke cika dandali da farin wata, akwai wata yarinya, Tabawa, a hannun kakarta. Kai, yarinyar nan akwai dariya! Tun daga bakin rijiya ake jiyo ta. Aibinta ɗaya, ta ƙi jinin barci, wai yana raba ta da wasa.

Ran nan Kyanwa ta ce, "Tabawa, ba ni aron barcinki, ki yi ta wasanki."

"Ɗauki, dama ya ishe ni!"

Kyanwa ta lashe shi daga idonta, tas.

Kwana ɗaya, Tabawa ta kifar da kokonta, ta yi ta kuka. Kwana biyu, ta gantsara wa ƙawarta Ladidi cizo a kan 'yartsana. Kwana uku, yara suka watse suka bar ta. Ta nemi dariyarta, babu. Ashe barci ne ke kawo mata ita kullum da safe.

Ta sami Kyanwa. "Maido mini da barcina."

"Sai gobe."

Gobe ta yi. "Sai jibi."

Jibi ta yi. "Wane barci? Kina da shaida?"

Tabawa ta faɗa jikin kakarta. "Kaka, dariyata ta ɓata."

Tausayi ya kama tsohuwa. Ta ce, "Share hawayenki, ƙawata."

Ta zuba nono a sakaina. Kyanwa ta sha ta yi nak. Tsohuwa ta ɗora ta a cinya, tana shafa bayanta tana waƙa:

"Lamo, lamo, 'yar lele,
Kaji sun kwanta, ke ma kwanta."

Kyanwa ta lumshe ido, gurrr, gurrr, sai barcin Tabawa ya fara tsiyayowa daga idonta. Tsohuwa ta tare shi da zanenta, ta goya Tabawa a ciki, ƙatuwa da ita, ƙafafu na reto. Tana bubbuga ta, tana waƙar. Wayyo, bayan kaka! Ni ma an goya ni haka, har yau ina kewar ɗumin nan.

Tabawa ba ta farka ba sai da hantsi. Akuya ta yi atishawa, sai yarinya ta ƙyalƙyale da dariya. Ladidi ta jiyo daga bakin rijiya, ta sheƙo a guje.

Ragowar barcin yana cikin Kyanwa, shi ya sa take wuni tana gyangyaɗi. Yaron da ya ƙi barci kuwa, dariyarsa yake bayarwa.

Ƙurunƙus kan ɓera! Maza kowa ya kwanta, ga Kyanwa can tana kallon idanunku.