Masarar Awaisu da Hotunan Alhaji Maitama

Akwai wani manomi a Tsiga ana ce masa Awaisu. Ba babban manomi ba ne, amma Allah ya ba shi abu ɗaya da ba kowa ke da shi ba: irin wata farar masara mai saurin nuna.

Daga hannun mahaifinsa ya gaje ta. Kowace kaka sai ya bi gona ya zaɓi manyan goyo masu cikar ƙwaya ya ware. Gonar irin ma can nesa da masarar mutane yake yin ta, don kada ta gauraye. Burinsa a duniya shi ne a san shi da sana'ar sayar da iri, ya riƙe gidansa da ita.

Matsalar ita ce, ban da maƙwabta masu zuwa a sam musu ɗan tsakure, ba wanda ya san da shi.

Wata shekara sai Allah ya haɗa shi da Alhaji Maitama, wani babban manomi a Funtua, mai gonaki da mabiya masu yawa a Fesbuk. Alhaji ya sayi irin ya gwada. Masara ta yi kyau, kowane kara goyo biyu. Lokacin da tsohon hatsi ya ƙare a kasuwa, na wasu ko fure bai gama ba, shi har ya fara loda mota.

Awaisu ya je yi masa murna, ya kuma roƙe shi abu ɗaya.

"Alhaji, in ka tashi ɗora hoton gonar nan, don Allah ka ambaci sunana. Ko da garinmu kawai ka faɗa, masu nema za su same ni."

Alhaji ya dafa kafaɗarsa, baki har kunne, ya ce ai wannan ƙaramin abu ne. Ya ce ya je ya faɗaɗa gona kawai, baɗi sai ya rasa inda zai sa kansa don masu saye.

Awaisu ya ɗauki maganar babban mutum da nauyinta. Da damina ta zagayo, har gonar da yake shuka dawar ci ya mayar da ita gonar iri. Matarsa Amatullahi ta ce gabanta na faɗuwa, gida ba rumbun dawa. Ya ce ta kwantar da hankalinta, Alhaji ya yi alkawari.

To, Alhaji ya ɗora hotuna kam. Ga shi cikin gona da malfa, ga shi ya ɗaga goyo biyu sama, ga bidiyo yana ɓare masara yana murmushi. Mutane suka yi ta tambaya daga Malumfashi, Musawa, Matazu, har da na Zariya: Alhaji, ina ake samun wannan iri?

Kun san amsar da bawan Allahn nan ya ba su? Wai daga ƙasar waje wani abokinsa ya aiko masa.

Daga Tsiga fa! Garin da in ka hau babur daga Funtua ba ka gama gajiya ba ka isa.

Awaisu ya ga amsar a wayarsa, ya karanta, ya sake karantawa. Ya kyautata zato, ya ce ƙila wasa Alhaji yake. Sai ya rubuta a ƙasa da ladabi cewa shi ne mai irin, yana Tsiga, ga lambarsa ga mai buƙata.

Kafin ya dawo daga sallar la'asar an goge rubutun. Da ya nemi shafin ma sai ya ga ba ya buɗuwa gare shi. An toshe shi.

Ya je Funtua takanas ya sami Alhaji a ƙofar sitonsa. Alhaji ko kunya bai ji ba, ya ja shi gefe ya yi ƙasa da murya.

"Malam Awaisu, kai ba ka san kasuwa ba. In kowa ya shuka irin nan, kowa zai fito da masara tare da ni, farashi ya karye. Ka bari tukuna, lokacinka na zuwa."

Ni abin da ya fi ƙona mini rai a labarin nan ke nan. Ba kuɗi aka roƙe shi ba, ba aron mota ba. Suna kawai. Ɗan rubutun da ba zai ci masa ko daƙiƙa ba, shi ya gagare shi, alhali da gumin mutumin nan yake cika baki a gaban duniya.

Awaisu ya gwada ɗora nasa hotunan a shafinsa. Amma wa ke bin sa? 'Yan uwa ne da abokan makaranta, su ma sai su gani su wuce. Wasu ma a shafin Alhaji suke zuba yabo, na ɗan uwansu ko turawa gaba ba sa yi.

Kaka ta yi, iri ya cika ɗaki, buhu kan buhu, ba mai saye. Rani ya miƙa. Gida ba dawa, yara ba su san wani abu wai shi alkawarin Alhaji ba, tuwo suka sani. Awaisu ya fara kwance buhu ana kai niƙa. Wasu ya kai kasuwa aka auna a tiya kamar kowace masara, aka juye cikin ta mutane. Ranar da ya ga dillali yana gauraya ta da wata jar masara mai ƙwari, sai da ya juya baya ya share ido.

Buhu ɗaya ya riƙe har ƙarshe, yana cewa ko irin da zai shuka a gonarsa ya tsira. Shi ma da abin ya ci tura, Amatullahi ta zo ta tsaya a bakin ɗaki da kwanon awo a hannu. Ya tashi da kansa ya kwance bakin buhun.

Bayan ruwan farko, sai ga motar Alhaji Maitama a ƙofar gida. Bai ajiye iri daga gonarsa ba, ya sayar da komai, don ya san Awaisu na nan. Kuma ya zo da sabon shiri: ya buga buhuna masu ɗauke da sunansa da hotonsa, ya riga ya yi wa mabiyansa shela cewa bana zai fara sayar da irin nan na ƙasar waje. Har wata ƙungiyar manoma ta sa ranar zuwa karɓa.

Awaisu ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya saurare shi har ya gama. Sannan ya leƙa ciki ya ce a kawo wa baƙo abinci.

Aka kawo tuwon masara fari sol da miyar kuka. Alhaji ya wanke hannu ya ci, yana yaba laushinsa. Da ya kusa cinyewa ya ce to a fito da buhunan irin, yana sauri, duk abin da ke akwai zai kwashe.

Awaisu ya dube shi, ya dubi kwanon.

"Alhaji, ai ga shi nan a gabanka. Na ƙarshen ke nan, jiya aka niƙo. Ka ƙarasa lomarka, daga ita babu saura."

Hannun Alhaji ya tsaya a cikin kwano. A waje, buhunan da ke ɗauke da hotonsa suna jibge a bayan mota, babu ko ƙwaya ɗaya da za a zuba musu.

Darasi: In ka ji daɗin kayan mutum, ka faɗi sunansa. Ka ɗora, ka ambace shi, ka tura wa wasu, ba abin da zai rage ka. Mai sana'ar da ka ɓoye don kai kaɗai ka more shi, ranar da ka koma nemansa ba lallai ka tarar da shi ba. Ku tura labarin nan gaba, sannan kowa ya rubuta sunan mai ƙaramar sana'a ɗaya da ya yarda da aikinsa, da garin da yake, mu taru mu san shi.