Tsatsa a Gonar Malam Barau

Ku gyara zama, ga ta nan ta iso gare ku, amma wannan ba ta dariya ba ce. Kai mai tauna gyaɗa a can baya, buɗe kunne, don in na gama kai zan fara tambaya.

A wani ƙauye an yi wani tsoho, Malam Barau, wanda ba shi da abin taƙama a duniya sai irin wake. Jan wake ne mai zaƙi, ba ya cin itace wajen dahuwa. Ya gaje shi wurin ubansa, uban kuma wurin nasa uban. Al'adar gidan ita ce ba a raba irin. Mutum ɗaya ke riƙe tulun da ake ajiye irin, shi ke shukawa a babbar gona, in an girbe ya ba kowa nasa. 'Ya'yan tsohon uku ne: Mantau babba, sai Jatau, sai autarsu Delu, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Da tsufa ya kwantar da shi, sai ya bar musu gonar, kowa da sashen da yake kula da shi.

A shekarar nan damina ta yi nauyi. Ruwa yau, ruwa gobe, rana ba ta samun leƙowa ta busar da ganye. Wake ya yi yaɗo har ya rufe kunyoyi, kowa na murna. Sai ga ɗigo-ɗigo a bayan ganye, ƙanana, jajaye kamar tsatsar tsohuwar fartanya. In ka murza da yatsa sai wani gari ya biyo ka. To, garin nan shi ne cutar. In ya sauka a jiƙaƙƙen ganye sai ya kama, ya shige ciki yana shanye shi. Kafin mako biyu ganyen ya yi rawaya, ya ƙeƙashe, ya zube. Tsiron da ba ganye, me zai ciyar da fure da shi? Fure ya kakkaɓe, ɗan kwanson da ya fito ya motse ba ƙwaya. Da aka kai wa Malam Barau ganye ɗaya ya duba, ya juya bayansa. Can ya ce, “Wanda ya fid da irin nan daga shekarar nan, shi zai riƙe tulu bayana.”

Mantau ne ya gano yadda cutar ke tafiya. Mutanen ƙauyen da sammako suke shiga gona, raɓa na ɗiga. Wata safiya ya fito ya ga wandonsa ya yi ja har gwiwa, ya waiwaya, ya lura duk kunyar da ya saba bi ita ta fi lalacewa. Ashe da ƙafarsu suke raba ta. Ga shi kuwa an riga an kira gayya, an dama fura. Washegari maza talatin suka iso da fartanyoyi, makaɗi na gaba, kowa sanye da kayan da ya shiga tasa gonar da su. Mantau ya tsaya a bakin gona ya ce, “Iyayena da yayyena, ku yi mini gafara. Ba mai shiga nan yau.” Wani dattijo ya dube shi ya ce, “Wato mu ne masu cuta, ɗan Barau?” Suka juya, ko furar ba su taɓa ba. Kun san abin da korar gayya ke jawo wa mutum. Daga ranar ba wanda ya ƙara kiransa aiki ko ya amsa nasa kiran. Da katangar gidansa ta faɗi, shi kaɗai ya kwaɓa ƙasa, maƙwabta na wucewa suna kau da kai.

Jatau kuwa sashensa ne a gabas, inda hadari ke fitowa. Nasa ya fi kowanne yaɗo, shi kuma ya fi kamuwa, duk iskar da ta taso sai ta kwashi garin ta watsa wa sauran. Ya haƙa rami, ya tuge wakensa kaf, ya zuba kara ya cinna wuta. Matarsa ta bi shi tana cewa, “Maigida, ko harawar ka bar wa san nomanka.” Ya ce, “In na bar ta, na ɗora wa baɗi cuta a kan rufin ɗakina.” Wannan sa tun yana maraƙi Jatau ya rene shi, shi ne hannunsa a huɗa. Rani ya zo ba harawa. Sa ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, ran nan ya durƙushe a hanyar rijiya, da ƙyar aka kai ga wuƙa. Na ji tausayin Jatau, don ko naman bai iya ci ba.

Saura kusurwar yamma, wajen Delu. Ita sai rana ta take, ganye ya bushe sarai, take shiga. A durƙushe take bin tsiro ɗaya-ɗaya tana juya ganye, wanda ta samu ba tabo ta ɗaura masa tsumma. Daga waɗannan kaɗai ta tsinko. Abin da ta samu bai cika ƙwarya ba. Ta shanya, ta gauraya da toka, ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka. Sai yunwa ta shigo gidan. Ana cikin bazara jikin Malam Barau ya tsananta, hankalinsa na zuwa yana komawa. Ya kira ta ya ce, “Auta, dafa mini ko cikin tafi ɗaya ne, in ji ɗanɗanon waken gidanmu.” Ta san cikin tafi ɗaya zai shuka kunya guda, ta kuma san in tulu ya buɗu a gidan da ake yunwa ba zai sake rufuwa ba. Ta ce, “Baba, ka yi haƙuri.” Sau uku yana roƙo, sau uku tana hana shi, ta koma bayan rumbu ta yi kuka. Kwana biyu bayan roƙo na uku, Malam Barau ya cika, bai ci ba, bai kuma ambaci sunan magaji ba.

Yanzu ga ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙa, ba za ta jira kowa ba. An fito da tulu an ajiye a zaure, su uku suna zaune kowa ya sunkuyar da kai. Da Mantau bai kori gayya ba, da ƙafa sittin sun tattake cutar har kusurwar yamma. Da Jatau bai ƙone nasa ba, da iska ta kai ta can ba tare da ƙafar kowa ba. Da Delu ta biye wa tausayin ubanta, da abin da suka tsirar ya ƙare a tukunya.

Kada wani ya ce mini a raba uku, na faɗa muku gidan ba a raba iri. To, wa za a miƙa wa tulun nan a cikinsu?