Karan Awon Gagarabadau

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

To ta zo, amma ta yau ba ta dariya ba ce. Lantana, ajiye gyaɗar nan, ba a ɓare-ɓare ana maganar mamaci.

A wani zamani macizai suka tayar wa ƙasar dabbobi da yaƙi. Suka tare rijiyoyi da bakin rafi, duk wanda ya sunkuya shan ruwa sai sara. Shekara bakwai ana wannan masifa. Manyan nan da kuke ji ana yi wa kirari, su Giwa da Ɓauna da Raƙumin Dawa, tun shekarar farko suka kwashe 'ya'yansu suka haye duwatsu. Ban cika ganin laifinsu ba, abin da ke kwance cikin ciyawa ba a nuna masa ƙarfi.

Wanda ya tsaya wani ɗan bushiya ne, sunansa Nomau. Ya tara ƙananan da ba su da ƙafar gudu, su Tunku da Kurege da Gafiya, suka riƙa ƙwato rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Kowace safiya yakan hau suri ya yi magana. In an ci su, ya ce an ci su, ya kira sunan waɗanda suka mutu, sannan ya ce, "Wanda ya gaji ya zauna, amma ya zauna yana fuskantar rijiya." Tsuntsaye su ɗauki maganar su kai ta gabas da yamma, har kan duwatsu. Na nesa ba su taɓa sa shi a ido ba, maganarsa kawai suka sani. Su suka sa masa suna Gagarabadau, kuma kowace shekara sai ya ƙara tsawo a bakinsu.

Da yaƙi ya ƙare macizai suka nemi sulhu, ya ba su. Aka ce ya fito a naɗa shi sarki gaban kowa, ya ce gonarsa ta yi shekara bakwai ba ta ga fartanya ba. Ya koma ƙauyensu ya yi ta noma har tsufa ya kama shi.

Da ciwon ajali ya zo, ya aika aka kira masa Tunku, abokinsa wanda ya bar ido ɗaya a yaƙin. Ya ce, "Tunku, kai za ka wanke ni. Ka kai ni bayan gari inda muka binne yaranmu, ka kwantar da ni kusa da su. Kuma kada rana ta faɗi ina waje."

Tunku ya ce, "In Allah ya so, ba za ta faɗi ba."

Da asubar Alhamis Nomau ya cika. Kafin hantsi tsuntsaye sun kai labari ko'ina, ƙasa duk ta taso.

Ku manyan kun ga yadda aka yi ranar da kakanku ya rasu. Ana wanke mamaci, a sa masa likkafani, a sami kara a auna tsawonsa, a karya daidai, a aika wa masu haƙa. Ramin ciki sai ya zo daidai jikinsa, don a jera itace a kai, kada ƙasa ta zubo masa a fuska. To haka Tunku ya yi. Da ya karya karan, bai kai kamu ɗaya ba.

Sai ga Gizo. Shi wannan, shekara bakwai ɗin yaƙi a saman rumbu ya yi su, amma ranar nan kukansa ya fi na kowa ƙara. Ya ce, "Ba ni in kai. Ai ni da marigayi ba ma ɓoye wa juna komai." Tunku baƙin ciki ya rufe masa ido, ya miƙa masa.

Gizo ya kama hanya, ya tarar da Ɓauna da danginta za su jana'iza.

Ɓauna ta ce, "Gizo, ina za ka da tsinke?"

Ya ce, "Karan awon Gagarabadau ne."

Ta ce, "Ka ji tsoron Allah. Wanda ya kori macizai daga rijiya casa'in? Ko dai ba ka taɓa ganinsa ba ne?"

Wannan maganar ita ta soki Gizo, don ya gwammace a doke shi da a ce bai san manya ba. Ya ce, "Haba ranki ya daɗe, wannan ai na tafin ƙafarsa ne." Ya jefar da shi a ciyawa, ya zaro karan dawa cikakke daga darni.

Ya yi gaba, ya tarar da Raƙumin Dawa.

"Gizo, mene ne wannan?"

"Karan awon Gagarabadau ne."

"Wannan da ko wuyana bai kai ba? Anya ka san shi?"

Gizo ya ce, "Na hannunsa ne, ranka ya daɗe." Ya jefar, ya saro gora doguwa ya saɓa.

Ya yi gaba, ya tarar da Giwa zaune a tsakiyar hanya tana hawaye.

"Gizo, me ka ɗauko?"

"Awon Gagarabadau ne."

Giwa ta ce, "Ni da nake jin maganarsa a kan dutse har jikina yana rawa, na san ya fi ni nesa ba kusa ba. Kada ka wulaƙanta mana shi."

Gizo ya waiga, ya ga giginya ta faɗi a gefen hanya. Ya ce, "Ga na gaskiyar can, nauyi ya yi mini." Giwa ta share hawaye, ta ja giginyar har maƙabarta.

Masu haƙa suna jira, Dabgi da 'ya'yansa da suka zo daga nesa, da kuma Gafiya. Gafiya ta dubi giginya, ta ce, "Wannan ba awonsa ba ne. Na yi yaƙi a bayansa." Giwa ta juyo ta zuba mata ido, Ɓauna ta yi huci, sai Gafiya ta haɗiye sauran maganar. Aka shiga haƙa. Azahar ta yi ana haƙa, la'asar ta yi ana haƙa, ko rabi ba a kai ba.

Can gida Tunku yana jiran a ce an gama, shiru. Da ya ga inuwa ta fara tsawo ya ce a yi masa salla, aka yi. Kurege huɗu suka ɗauki makara suka fito.

Taron da ke maƙabarta, ido bai taɓa ganin irinsa ba. Suka dare suka ba da hanya, kowa ya ɗaga kai sama yana jiran ya ga makarar. Ita kuwa ta wuce ta ƙasan gwiwarsu. Sai gunaguni ya tashi.

Giwa ta ce, "Tunku, ina gawar?"

Ya ce, "Ga ta."

Ta ce, "Kada ka raina mana hankali. Ina kuka kai shi?"

Gizo ya ga asirinsa zai tonu, ya yi wuf ya ce, "Ni ma abin ya ba ni mamaki. Ina jin sun ɓoye shi a ƙauyensu ne, don su kaɗai su riƙa kwasar albarka."

Shi ke nan. Ɓauna ta gicciye a gaban makara, ta ce ba wanda za a binne yau sai an fito da Gagarabadau. Tunku ya rantse, ba su yarda ba. Kurege suka rantse, ba su yarda ba. Gafiya ta rantse, aka ce bakinsu ɗaya. Rana kuwa ba ta jiran kowa, har ta sauko kan itatuwa. Ni wurin nan ne yake taɓa mini zuciya. Tunkun da bai taɓa roƙon maciji ba, ya durƙusa gaban Giwa ya ce, "Ranki ya daɗe, alkawari na yi masa. Ku yi mini abin da kuka ga dama gobe, amma ku bar ni in rufe shi." Giwa ta kau da kai.

Sai ciyawa ta motsa. Ilu, angona, saki zanena, ba nan za ta fito ba. Tsohuwar Gamsheƙa ce, wadda ta ja macizai a yaƙin, ta tsufa tukuf, ba haƙori, ido ya yi fari. Taro ya ja da baya, Giwa ce ma ta fara ja.

Gamsheƙa ta ce, "Ta'aziyya na zo, na tarar kuna gardama. Ku jin sa kuka yi. Ni na taɓa shi. Tunku, ka yarda in matso?"

Tunku ya dube ta da idonsa ɗaya, sannan ya ce, "Matso."

Ta ja jiki a hankali ta naɗe makarar, sau ɗaya, sau biyu, da rabi. Ta tsaya nan. Ta ce, "Shi ne. Ranar da muka haɗu a rijiyar gindin kuka, haka na naɗe shi, biyu da rabi. Ya kama ni a wuya. Tun hantsi har azahar ina matsa shi, ƙayarsa tana shiga jikina. Ina jin zuciyarsa a haƙarƙarina tana bugawa kamar ta ɗan tsako. Tsoro yake ji, tsoron da ba na zaton waninku ya taɓa jin irinsa. Amma bai saki ba." Ta warware jikinta, ta yi masa addu'a, ta koma gefe.

Ɓauna ta janye daga gaban makara ba wanda ya ce mata ta janye. Giwa ta sauke gwiwoyinta a ƙasa, ta ce, "Shekara bakwai ina gaya wa 'ya'yana, ai shi ƙato ne, shi ya sa ya iya. Da wannan maganar nake samun barci."

Tunku bai tsaya jin sauran ba. Ya karyo sabon kara, ya auna abokinsa a gaban kowa, ya miƙa wa Gafiya hannu da hannu. Kafin a dama kunu ta gama. Aka kwantar da Nomau kan damansa yana fuskantar gabas, kusa da yaransa. Itace huɗu suka isa rufe ramin. Aka bi layi ana zuba ƙasa, Giwa ta ɗebo 'yar kaɗan da bakin hancinta don na bayanta su samu. Aka nemi Gizo ya zo ya cike ƙaton ramin da ya sa aka haƙa, ashe tuni ya koma saman rumbu.

Da aka shafa fatiha Tunku ya ɗaga kai, ya ga da sauran jan rana a bakin daji. Sai a lokacin ya zauna a ƙasa ya yi kukan abokinsa.

To kun ji. In babban mutum ya mutu, ku faɗi tsawonsa yadda Allah ya yi shi, kada ku ƙara masa ko ɗan yatsa. Wanda ya mai da jarumi giginya ba girmama shi ya yi ba, hanyar gudu ya nema wa kansa, don gobe ya ce shi ƙarami ne, ba da shi ake ba. Waɗanda suka tsaya mana mutane ne masu jin tsoro kamar ku, su dai ba su saki ba ne kawai.

Ƙungurus kan kusu. Ku yi wa waɗanda suka riga mu addu'a, sannan ku kwanta.