Sista da Ruwan Manaja

Shekara talatin da biyu Sista ta yi tana aikin jinya, har ta yi ritaya sunan bai bar ta ba. Mace ce mai kirki, amma fa ba ta da haƙurin jira, kuma ba a haifi wanda zai koya mata tsabta ba. Ko kofi sai ta ɗaga shi a haske kafin ta sha ruwa.

Marigayi mijinta kuwa mutum ne mai sanyin hali. Yana da tsohon akwatin gilashi na kifin ado a falo, gefen taga. Idan ya dawo daga aiki, ko takalmi bai cire ba zai tsaya yana barbaɗa musu abinci yana yi musu hira. Akwai wani ja mai ƙaton ciki da ya sa wa suna Manaja, don shi ke fara ci. Sista takan leƙo daga kicin ta ce, "To, a gama da Manaja tukuna, mu ƙananan ma'aikata ma jira." Sai ya yi dariyar nan tasa har kafaɗunsa na rawa. Allah sarki, gida ya yi daɗi a lokacin.

Bayan rasuwarsa tsufa ya ɗebe kifayen ɗaya bayan ɗaya, ya bar Manaja kaɗai. Kullum da safe Sista na ba shi abinci, tana faɗa masa labarin jikoki kamar yadda maigidan ke yi. Ranar da ta koma ƙaramin gida kusa da 'yarta, tsohon akwatin ya tsage a mota. Manaja ya kwana a bokiti. Washegari 'yar ta kawo mai sayar da kifin ado ya haɗa sabo. Da ya gama, sai ya ɗauko tsohon soson tace ruwa, baƙi ƙirin, ya saka a ciki.

"Wannan ƙazantar fa?" in ji Sista.

"Mama, don Allah kada ki wanke shi. Akwai ƙananan ƙwayoyi a jikinsa, su ke cinye dattin kifi. Ruwan zai iya yin fari kwana biyu. Ki rage abinci, ki ƙyale shi, da kansa zai washe."

"Ƙwayoyi? Ɗan nan, tun ba a haife ka ba nake kashe ƙwayoyi."

A rana ta uku ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara. Sista ta leƙa, inuwar jan kifin kawai take gani tana wucewa. Hankalinta ya tashi. Ita da ta riƙe ɗakin tiyata tsaf, a ce kifin mijinta na iyo a cikin wannan? Ta ciro Manaja, ta zubar da ruwan kaf, ta wanke tsakuwa da sabulu, ta jiƙa soson a bilic har ya yi fari, ta cika akwatin da ruwan famfo, ta mayar da kifin ciki. Ruwa ya yi garau, ta koma ta zauna tana jin daɗi.

Bayan kwana biyu farin ya dawo, har ya fi na da.

"Mama, mutumin nan fa cewa ya yi ki jira," in ji 'yarta.

"Ke ma kin zama likitan kifi? Miƙo min soso."

Sau uku tana yin wankin. Manaja ya daina cin abinci, ya riƙa hawa saman ruwa yana buɗe baki. Da safe bayan wanki na uku ta zo da gwangwanin abinci, ta same shi ya juya ciki sama. Ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ko ranar rasuwar maigidan ba ta yi ba. Sai a ranar ta ji da gaske mijinta ya tafi.

Ba ta ƙara taɓa akwatin ba, ko kallonsa ba ta son yi. Ruwan ya sake yin fari, babu wanda ya kula shi. A rana ta takwas ta shigo shara, ta ga ya washe da kansa, har ana ƙirga tsakuwar ƙasa. Babu kowa a ciki.

Darasin a nan shi ne, ba kowace matsala ce ke buƙatar hannunmu ba, wata matsalar lokaci kawai take nema. Kuma gwanintarka a aikinka ba ta mai da kai gwani a aikin wani. Idan wanda ya sani ya ce ka jira, ka jira, ko da ka haife shi. Gaggawar ceton abin da kake ƙauna tana iya zama ajalinsa.