Murjanin Gwauruwa da Janaretan da Aka Ɗauke

Na rasa miji, na rasa janareta, na rasa kusan duk murjanin da muka yi shekaru muna reno. Abin da na samu shi ne murjani ɗaya da ya ƙi mutuwa, da bakin da ya daina tsoron kowa. An ce in ba ajin Lahadi misali. Karatuna bai yi nisa ba, amma ga shi.

Akwai wani mutum a Legas mai kiwon murjani. Ba na wuya ba, mai rai, irin wanda yake girma a ƙarƙashin teku. Yana ajiye su a babban akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, yana yankan guntaye yana sayar wa masu otal. Akwai ɗan inji da yake motsa ruwan kullum, gama in ruwan ya tsaya cik, murjani ya shaƙe. Wutar gari kuwa kun san halinta. Saboda haka janareta shi ne ran akwatin.

A cikin murjanin akwai wani mai faɗi, ja da kore, bakinsa a lanƙwashe kamar ƙoƙon Jibin Ubangiji. In ka gan shi sai ka ce dutse ne. Amma yana da siraran zare da yake miƙawa ya ƙone duk murjanin da ya matse shi, shi ya sa ake bar masa fili.

Sai mutumin ya mutu, ya bar matarsa. Ba a gama kwashe kujerun makoki ba, ƙanensa ya iso da amalanke, ya ɗora janareta.

Gwauruwar ta ce, "Baffan yara, in ka tafi da wannan, abin da ke cikin ruwan nan zai mutu."

Ya ce, "Matar yaya, kayan ƙarfe na maza ne. Ke ga duwatsu nan an bar miki, ki dafa ki ci."

A makon nan aka ɗauke wuta. Matar ta ɗauki ƙwarya tana ɗiban ruwan tana kwararo shi daga sama, ta ɗiba ta kwararo, don ya motsa. Hannunta ya kumbura, gishiri ya tsattsage mata fata. Duk da haka murjanin suka riƙa yin fari ɗaya bayan ɗaya, ɗaki ya cika da wari. 'Yan'uwa a ikilisiya suna zuwa, su ce "sannu da haƙuri", su toshe hanci, su tafi. Masu janareta biyu a gida ma haka suka yi.

Mai kama da ƙoƙon ne kaɗai ya rayu. Ta sayar da zannuwanta ta sayi batir na kunna injin ruwan. Murjanin ya girma, ta koyi yanka shi da kanta, masu otal suka dawo.

Ran nan sai ga ƙanen mijin yana washe haƙora. "Matar yaya, ai gadon ɗan'uwana ne. Yanko mini guntu in fara nawa."

Ta ce, "Wane? Duwatsun? Ai na dafa na cinye."

Ga ma'anar misalin, ku buɗe kunne. Akwatin gilashin gidan gwauruwa ne, kowa yana ganin cikinsa sarai, ba mai cewa bai gani ba. Janareta shi ne abin da mijinta ya bari don gidan ya ci gaba da numfashi. Wanda ya ɗauke shi da sunan gado, kisa ya yi, ko da bai taɓa wuƙa ba. Masu "sannu da haƙuri" kuwa ku ne. Allah da ya ce kada a cuci gwauruwa bai ce a yi mata sannu a tafi ba. Murjanin nan da kuka ɗauka dutse ne, ita ce. Tana da rai, kuma wanda ya matse ta zai ƙone.

Matar nan ni ce, kada ku sunkuyar da kai kamar ba ku sani ba.

Baba Fasto ya zaunar da mu, ni da ƙanen mijina, ya ce, "Mama Briskila, ki gafarta masa."

Na ce, "Baba, gafara na ba shi kyauta, Ubangiji ne ya umarta. Murjani kuwa ba a ce in bayar kyauta ba."

Na ce in yana son guntu, ya dawo da janareta, ya durƙusa a kabarin yayansa, ya kuma faɗi abin da ya yi a gaban ikilisiya. Fasto ya roƙa, na sauke maganar kabarin. Ya sake roƙo, na sauke ta ikilisiyar. Ya buɗe baki zai ƙara, na ce, "Baba, nan kasuwa ta tashi."

Ƙanen mijina ya turo janaretan da hannunsa, a amalanke, ran Lahadi da rana tsaka ana tashi daga sujada, ta layin da ya bi ya fita da shi. Na yanko masa guntu kamar farcen babban yatsana. Farashin da na karɓa ke nan.