Dariyar Baba a Firam

Akwai wata mata da ƙannenta ke kira Yaya Sauri, domin ba ta iya jiran komai. Shayi ma da zafinsa take kurɓa, ta ƙone harshe, ta zargi kofin. Tana da kirki sosai, gaggawa ce kawai ta yi mata yawa.

Mahaifinsu kuwa tsoho ne mai barkwanci, amma da zarar ya ga kyamara sai ya ɗaure fuska kamar mai gadin ƙofa. Wata rana jikarsa ta cire masa hula ta kifa a kanta, Baba ya fashe da dariya, Yaya Sauri ta ɗauki hotonsa daidai lokacin. Murna ta cika gidan, aka yanke shawarar a wanke hoton babba a rataye a falo.

Ta juye hoton a kwamfuta, ta goge na kyamarar don samun wuri. Da ta zo tura wa 'yan'uwa, sai ya ƙi tafiya saboda nauyi. Ta buɗe manhajar gyaran hoto ta fara rage girmansa.

Autar gidan, wadda ke guga a gefenta, ta ce, "Yaya, ki yi kwafi tukuna, ki rage kwafin."

"Ke dai yi gugarki, yanzu zan gama."

Ta rage, ta sake ragewa, har hoton ya zama ɗan mitsitsi. Manhajar ta tambaya ko a maye gurbin na asali, ta danna e ba ta karanta ba. Nan take hoton ya tafi ga 'yan'uwa, kowa ya yaba, don a fuskar waya ya fito tas.

Da ta kai shi wanki, mai shagon hoto ya gargaɗe ta cewa ba zai yi kyau a babba ba. Ta ce ya wanke kawai, sauri take yi.

Da aka kwance takardar da aka naɗe hoton a falo, kowa ya matso ya duba. Fuskar Baba ta zama murabba'ai kamar an jera bulo, haƙoransa sun haɗe sun zama farin layi. Yaya Sauri ta ji kamar ta yi kuka, domin na asalin ya tafi ke nan.

Baba ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo. "'Yar nan, ni ne wannan ko katangar bayan gida?" Ya yi dariya har da hawaye, kowa ya kama ciki, ba wanda ya tuna da kyamara.

Baba ya sa aka saka hoton a firam aka rataye, ya hana a cire shi. Har yau hoton yana falo, kuma duk baƙon da ya tambaya ko wane ne, Baba yakan ce, "Tambayi maginiyar, ga ta nan zaune."

Darasin shi ne, rage nauyin hoto abu ne mai amfani, amma kwafi ake ragewa, a ajiye na asali. Abin da aka rage ba ya dawowa, don haka ka karanta kafin ka danna, kuma ka saurari mai ba ka shawara ko da ƙaninka ne.