Abincin da Ya Iso Bayan Tsakar Rana

Akwai wata mata a ƙauyenmu, can gefen garin Pakokku, ana kiran ta Daw Ngwe. Ƙosai take toyawa a bakin kasuwa tun tana budurwa, kuma ba a taɓa samun wanda ya kushe ƙosanta ba. Bakinta ne matsalar. Idan ta buɗe shi, har karnukan kasuwa sai sun canza hanya.

Wadda ta fi shan wannan baki ita ce Ma Sein, matar ɗanta tilo, Ko Htay. Shinkafa ta yi ruwa, faɗa. Ta yi tauri, faɗa. Yara sun yi tari, laifin uwarsu ne. Yarinyar ba ta ramawa.

Ana gab da bikin ruwa na sabuwar shekara, Ko Htay ya zo ya zauna gaban uwarsa.

"Mama, na samu aikin walda a Mandalay. Da an gama biki za mu tashi, ni da ita da yara."

"Aiki ne ya kira ka, ko matarka ce ta tura ka?"

"Ba ta ce komai ba. Ni ne na gaji da jin kukanta a bayan ɗaki."

Daw Ngwe ta ce hanya a buɗe take, su gai da mutanen birni. Amma ranar nan ƙosai ya ƙone a kaskonta, abin da ba a taɓa gani ba. Gida ga shi babba, za a kwashe jikoki a bar ta ita da ƙadangaru.

Da biki ya zo, yara suka cika titi suna watsa wa juna ruwa, manya kuma suka fara haɗa tabarmi za su tare a gidan sufaye, zaman lura da zuciya. Maƙwabciyarta Daw Pu ta leƙo ta kan shinge.

"Ke ba za ki ba? Af, na manta, can ba a magana. Kafin yamma za ki fashe."

"Ni? Ke da kike gyangyaɗi a tsaye? Ma Sein, ɗauko min tabarmata."

Kun ji dalilin tafiyarta. Ba natsuwa ta je nema ba, Daw Pu ta je kunyatawa.

Ta sa farar riga da zane mai ruwan ƙasa kamar kowa, ta ɗauki alkawuran da ake ɗauka, har da na barin abinci daga tsakar rana zuwa wayewar gari. Sayadaw, babban sufin wurin, ya yi musu bayani a taƙaice. A zauna, a rufe ido, a lura da ciki yana tashi yana sauka da numfashi. In tunani ya zo, ka ce a ranka "tunani". In ƙafa ta yi ciwo, ka ce "ciwo". Kada ka kore shi, kada ka bi shi.

Daw Ngwe ta saurara da rabin kunne. A ganinta zancen ɗaya ne: wanda ya fi daɗewa bai motsa ba, shi ya ci. Matar da ta tsufa a zaune gaban kasko, wa zai kayar da ita a zama? Ta kafe kamar turmi. Sai dai ido ɗaya ba ta rufe shi duka ba.

Da yamma kowa yakan je gaban Sayadaw ya faɗi abin da ya lura da shi a zamansa. Da layi ya zo kanta, ta durƙusa, ta gyara murya.

"Ranku ya daɗe, na lura da abubuwa da yawa. Daw Pu ta yi barci har da minshari. Tsohon nan U Chit ya wuni yana susa kamar mai ƙazwa. Matar mai shayi kuma akwai alewa a kumatunta, na ga tana juya ta."

"Madalla, Iya," in ji Sayadaw. "Ashe mun samu mai gadi. Ke fa?"

"Ni ko motsi ban yi ba."

"Jikinki ne bai motsa ba. Zuciyarki ta zagaye zauren nan kaf, ta leƙa bakin kowa. Gidanki kaɗai ne ba ta shiga ba."

Fuskar Daw Ngwe ta ɗaure. Rabon da wani ya yi mata magana haka tun uwar mijinta tana da rai.

"Yanzu haushina kike ji, ko?"

"Haba, ranku ya daɗe, ni wa?"

"Ba laifi ba ne. Nuna min inda yake."

Ta ɗora hannu a ƙirji.

"Daga nan sai ina?"

"Wuya."

"Daga wuya fa?"

"Sai ya fita," ta ce a hankali.

"To, aikinki ke nan. Ki ƙyale Daw Pu da barcinta. Ban ce kada ki ji haushi ba. Na ce ki gan shi tun yana ƙirji."

Washegari ta rufe ido biyu. Nan ta gane zaman kasko wasa ne. Ƙuda ya sauka a hancinta, haushi. Wani ya yi tari, haushi. Ta tuna wata magana da aka gaya mata tun tana amarya, wadda ta faɗa ma ta daɗe da mutuwa, sai ga ƙirji ya ɗau zafi kamar yanzu aka yi. Sau da yawa sai ta gama zagin mutum a ranta tsaf kafin ta tuna da aikin da aka ba ta. Amma jefi-jefi tana kama shi da wuri. Ta ce "haushi, haushi", ta zuba masa ido. Sai ta ga halinsa irin na man tuya ne: ya yi zafi, ya yi hayaƙi, in ba a jefa masa komai ba ya huce da kansa.

Abincin masu zama daga gidajensu ake kawowa, kuma dole a gama ci kafin a buga kututturen da ke sanar da tsakar rana. Ranar ƙarshe ta biki kowa ya buɗe kwanonsa, na Daw Ngwe shiru. Daw Pu ta turo mata nata da gindin cokali.

"Nawa na zuwa," ta raɗa mata, ta ture shi.

Bai zo ba. Aka buga kututture. Shi ke nan, sai gobe.

Can sai ga Ma Sein ta shigo tana jan keke. Ta tsaya a gindin matakala, jiƙe sharkaf, ruwa na ɗiga daga gashinta.

Daw Ngwe ta sauko. Yunwa na cin ta, Daw Pu na kallo, maganar kuma ta riga ta haɗu a kanta, kalma bayan kalma, har da sunan uwar yarinyar a ciki. Zafi ya taso a ƙirji. Ya hau wuya.

"Haushi," ta ce a ranta. "Haushi."

A ɗan wannan tsakanin ne ta kalli surukarta da kyau. Ma Sein ta riga ta ɗage kafaɗu, ta runtse ido, kamar mai jiran saukar sanda. Ba a ce mata komai ba tukuna. Zanenta ya yage a gwiwa, jini na bin ƙafarta. Kwanon abincin kuwa ta naɗe shi a leda ta rungume a ƙirji, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba.

Ashe kullum haka yarinyar nan take tsayawa gabanta. Ba ta taɓa gani ba, saboda kafin idonta ya isa, bakinta ya riga shi.

"Faɗuwa kika yi?"

Ma Sein ta buɗe ido. "Samari ne suka tare hanya da tiyo, keke ya zame. Mama, ku yi haƙuri, na fito da wuri, na..."

"Ke kin ci?"

"A'a."

"To buɗe ki ci. Ni na ɗauki alkawari, ba ke ba."

Yarinyar ta zauna a matakala, ta buɗe kwano, tana kai loma hawaye na zuba.

"Ki zaɓi ɗaya, ko kuka ko kifi," in ji Daw Ngwe. "Ƙaya za ta maƙale miki." Ta juya ta nemo tsumma mai tsabta ta ɗaure mata gwiwa da kanta.

Kada ku ɗauka ta koma gida ta zama wata mutum dabam. Shinkafa ta yi ruwa, har gobe sai ta faɗa. Amma akan ga ta buɗe baki, ta tsaya, ta dafe ƙirji, ta fita ta duba kaji. Roƙon ɗanta ya zauna kuwa, ba ta yi ba, ba kuma za ta taɓa yi ba.

Ranar tafiya Ko Htay yana ɗaure kaya, matarsa ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ka bari damina ta wuce mana. Hanya ba kyau yanzu."

Ya dube ta. Ko hadari bai fara haɗuwa ba.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Ya kwance igiya. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Ko Htay ya kafa rumfar walda a bayan kasuwa. Babbar 'yarsu a tsakar gidan nan aka yi bikin aurenta.

Darasi: Lura da laifin mutane ba aiki ba ne, kowane rago ya iya. Aiki shi ne ka zauna ka tsare zuciyarka, ka ga haushi tun yana ƙirji kafin ya kai baki. Ba a ce sai ka daina jin sa ba, numfashi ɗaya ake so ka jira, domin a cikinsa za ka ga mutumin da ke tsaye gabanka. Ku tura wa 'yan uwa su karanta. Amma in kun karanta kuka ce "wannan wance ce sak", to ku koma farko ku sake karantawa kafin ku tura.